Bugun Injin da Gunvor Ba Ta Gane Ba

Gunvor Eilertsen tana da shekara sittin da bakwai. Mijinta ya rasu shekara tara da suka wuce, ba ta haihu ba, tana zaune ita kaɗai a hawa na uku na wani gidan haya a Tromsø, tana cin fanshon aikin da ta yi shekara talatin da ɗaya a ɗakin wanki na wani gidan kula da tsofaffi. Mawaƙiya ce kuma, ko da yake waƙar ba ta taɓa riƙe ta ba. Ita take rubuta abinta, ta kaɗa jita, ta rera da irin maganar mutanen bakin teku. Faifai shida ta fitar a rayuwarta. Biyar na farko na soyayya ne da raha da ƙorafin ruwan sama, irin waɗanda rediyon yanki ke sakawa da hantsi. Na shida ya fito a watan Oktoban bara. Kowa ya ce ya fi sauran, kuma tun fitowarsa sau biyu kacal yayanta Hilmar ya yi mata magana. Shi kaɗai ya rage mata a dangi na kusa.

A Teistnes aka haife su, can ƙarshen tsibiri, tafiyar awa huɗu daga Tromsø a mota da jirgin fito. Lokacin ƙuruciyarsu garin yana da mutum ɗari shida da jiragen kamun kifi ashirin da uku. Mahaifinsu yana da ɗaya, na katako, ya sa masa sunan matarsa, Signe. A wancan zamanin injin jirgi a hankali yake bugawa, ɗaya bayan ɗaya, ana jin sa tun jirgin bai zagayo bayan dutse ba, kuma kowane inji da irin bugunsa. Mata ba sa duba agogo. Kowace ta san na mijinta, da ta ji shi sai ta ɗora dankali a wuta, kafin ya ɗaure jirgi ya hauro tudu ya dahu. Injin Signe ɗingishi yake yi: ya buga huɗu, ya ɗan dakata kamar zai mutu, sannan ya ci gaba. Makanikai uku sun buɗe shi ba su gano dalili ba. A gidansu Gunvor ce mai kunne. Tana 'yar shekara shida, tana wasa a ƙarƙashin tebur, sai ta ce ga Baba nan, uwar ta ɗora tukunya ba tare da ta leƙa taga ba.

Ta bar garin tana da shekara goma sha tara, da akwati ɗaya da jitar da ta saya da kuɗin yankan harshen kifi, aikin da yaran garin ke yi a gaɓa a biya su. Hilmar, wanda ya girme ta da shekara biyar, ya zauna. Ya gaji jirgin, ya auri Ranveig da ke aiki a masana'antar gyaran kifi ta bakin gaɓa, suka ci gaba da zama a gidan iyayensa.

Abin da ya sami Teistnes ya sami garuruwa da yawa a wannan gaɓar. Da aka yanka wa kowane jirgi kason kifin da zai kama a shekara, sai kason ya fi jirgin daraja. Masu manyan jirage na wasu garuruwa suka riƙa sayen tsofaffin jirage don kason kawai, katakon kuwa a farfasa. Zuwa 1997 jirage bakwai suka rage a Teistnes, aka sayar da biyar cikin shekara biyu. Hilmar ne na uku da ya sayar. Kafaɗunsa sun lalace, likita ya ce masa in bai bar teku ba wata rana ko hula ba zai iya sa wa kansa ba. 'Yarsa ɗaya ce, Tone, ita kuma karatun jinya take yi a kudu. Ya fara yi wa mutanen gari tayi, babu mai ƙarfin saye. Wata bakwai bayan sayar da jirgin Signe, kifin da ake saukewa ya kasa riƙe masana'antar, aka rufe ta. Mata ashirin da takwas suka rasa aiki, har da Ranveig. Makaranta ta biyo baya bayan shekara shida.

Ba a yi faɗa ba, ba a kuma yafe ba. Shiru aka yi. Mutanen da za su riƙa haɗuwa a kanti ɗaya kowace safiya har ƙarshen ransu ba su ga wata hanya ba. Biyu daga cikin waɗanda suka sayar sun ƙaura, biyu sun rasu, Hilmar ya zauna. Shi ke kwashe ƙanƙara daga ƙofar matan da mazansu suka mutu, shi ke canza ƙwan fitilar mashigin jirage, shi ake kira in za a haƙa kabari ƙasa ta daskare. Ya sayi ƙaramin kwalekwale yana kamo na miya. Shekara ashirin da bakwai babu wanda ya ambaci sunan Signe a gabansa.

Gunvor ta fara rubuta waƙoƙin faifai na shida bayan ta yi ritaya. Ta ce ta gaji da waƙar samarin da suka tafi ba su dawo ba, tana so ta faɗi abin da ya sami garinsu kafin waɗanda suka gani da ido su ƙare. Waƙa goma sha ɗaya ta yi, kusan kowace a kan mutum guda mai rai. Tana da wata ƙa'ida tun faifanta na farko. Ba ta ɗaukar waƙar da ta shafi wani sai ta je gidansa, ta zauna a kicin ɗinsa, ta sha kofinsa, ta rera masa ita daga farko har ƙarshe. In ya ce a cire baiti, ta cire. In ya ce a bar waƙar gaba ɗaya, ta bar ta. Akwai waƙoƙi huɗu a aljihun teburinta da babu wanda zai taɓa ji saboda wannan ƙa'idar.

Shekara biyu ta yi tana kai da komo a jirgin fito da jitarta. Ta rera wa malamin ƙarshe na makarantar, ya gyara mata adadin ɗaliban da suka rage ranar rufewa, ya ce tara ne ba bakwai ba. Ta rera wa Oddny, ƙawarta tun firamare, wadda ta yi shekara ashirin da biyu tana feɗe kifi a ruwan sanyi har yatsunta suka daina rufuwa. Oddny ta saurara tana shan taba a bakin taga.

"Baiti na uku ƙarya ne," in ji ta. "Ni ban yi kuka ba ranar da aka rufe. Ashar na ɗura wa manajan."

"To in sa ashar ɗin?"

"Sa mana. Dama wa yake saka ki a rediyo, tsohuwa?"

Gunvor ta sa rabinsa.

Waƙa ta tara ce ba ta kai kicin ɗin kowa ba. Sunanta "Biyar Sun Sa Hannu". Babu sunan mutum a ciki, babu na jirgi, babu na gari. Labarin maza biyar ne da suka shiga ofis a birni, aka miƙa musu biro, suka dawo gida, matan gari suna kallonsu ta tagar masana'anta. Babu zagi. Amshin tambaya ce kawai, cewa da kuka sa hannu sunan wa kuka rubuta, naku ko namu. Gunvor ta gaya wa kanta waƙar ba ta mutum ɗaya ba ce, ta zamani ce, saboda haka babu kicin ɗin da za a kai ta.

A duk zuwan nan kuwa gidan Hilmar take sauka, a ɗakin sama inda ta girma, tana cin kifinsa da hanta da dankali. Jitar a ƙarƙashin gado take zama. Wata rana Ranveig tana goge tebur ta tambaye ta cikin wasa ko su ba su da waƙa ne, an zagaye gari kaf an tsallake su. Gunvor ta ce ai su babu abin da ya same su. Hilmar ya yi dariya ya ce gara haka, dama muryarta tana kore masa kifi. Yau in an tambaye ta, kai tsaye take faɗa cewa tsoro ne ya hana ta. Ta san zai ce a bar waƙar, ta kuma san ita ce mafi kyau a cikin sha ɗayan.

An ɗauki faifan a watan Mayu a wani ƙaramin situdiyo a Tromsø. Mai wurin, Sindre, mutumin kudu ne mai shekara arba'in da biyar, bai taɓa zama a garin masunta ba. Ya ce waƙa ta tara tana bukatar wani abu a ƙarƙashinta, ba ganga ba, wani abu na can. Gunvor ta kawo masa kwalin takalmi cike da tsofaffin kaset. A ciki akwai wanda ta ɗauka a bakin gaɓa a makon da za ta bar gida, a 1976: kukan tsuntsayen teku, muryoyin mata, jirage suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Sindre ya yi kwana biyu yana saurare, ya yanko daƙiƙa arba'in na wani inji mai buga huɗu ya dakata. Ya ce bai taɓa jin kiɗa mai kashe jiki irinsa ba. Ya yi ta maimaita shi har ya kai tsawon waƙar, ya zama shi ne kiɗanta.

Gunvor ba ta son abin saurare na sawa a kunne, ta ce ji take kamar an kifa mata bokiti a ka. Saboda haka aka saki ƙarar injin ta lasifika a cikin ɗakin, ita kuma ta zauna gaban makirufo ɗaya ta kaɗa jita ta rera a kai. Sau goma sha huɗu suka ɗauka kafin su samu wadda suke so. Ta ji bugun nan sau ɗaruruwa a wannan makon, ta ce wa Sindre ƙarar gida ke nan sak. Ba ta gane jirgin ba. Rabon injin da bugawa shekara ashirin da bakwai, kafin nan ma da rani kawai take zuwa gida, lokacin da jirage suke kan tudu ana shafa musu fenti. Abin da ya rage mata a kunne ƙarar jirage ce gaba ɗaya, ba ta wani jirgi guda ba.

Faifan ya fito. Wata jarida a kudu ta rubuta cewa tsohuwar mawaƙiyar bakin teku ta jira har ta yi furfura sannan ta faɗi maganar da ta kamata. Rediyo ya ɗauki waƙa ta tara.

Kantin Teistnes yana da tebur ɗaya a bayan inda ake jera burodi, da filas ɗin kofi, da rediyo a kan firji. Ƙarfe goma na safe tsofaffin maza suke haɗuwa a nan. Ranar Talata ta biyu bayan fitowar faifan su biyar ne, har da Hilmar. Mai gabatarwa ya ce ga sabuwar waƙar Gunvor Eilertsen, wani ya miƙa hannu ya ƙara murya. Kafin jita ta shigo, injin yana bugawa shi kaɗai na daƙiƙa goma sha biyu. Jentoft, tsoho mai shekara saba'in da tara, wanda matarsa da 'ya'yansa mata biyu suna cikin waɗanda suka rasa aiki a masana'antar, ya ajiye kofinsa.

"Signe ce," in ji shi.

Babu wanda ya musa. Suka saurari waƙar har ƙarshe, minti huɗu da rabi, Hilmar yana kallon hannuwansa. Da ta ƙare Jentoft ya juyo ya dube shi.

"Ashe ƙanwarka ta fi mu zuciya. Mu shekara ashirin da bakwai muna haɗiye abin nan da kofi."

Hilmar ya shanye kofinsa, ya wanke shi a famfo kamar yadda kowa ke yi, ya sa hula ya fita. Washegari ya dawo. Kwana uku ya zo a jere. A rana ta uku wani yana juya sukari, cokalinsa ya buga huɗu a gefen kofi ya dakata. Har yau ana gardama ko da niyya ne. Daga ranar Ranveig ce ke zuwa sayen burodi.

Ita ce ta buga wa Gunvor waya, bayan mako uku, ta gaya mata abin da ya faru a taƙaice, ta ce tana da tukunya a wuta. Gunvor ta sa faifan ta zauna a gefen gado. Ta ce a bugu na biyar ta ji ɗingishin, tar, kamar an zare mata auduga daga kunne.

Ta shiga jirgin fito na safe a tsakiyar Nuwamba, lokacin da rana ta kusa daina fitowa gaba ɗaya, kamar yadda take yi kowane hunturu a can arewa. A hanya ta shirya abin da za ta ce, ta kwantar da hankalinta da cewa gaskiya tana wajenta, tunda ba ta sani ba. Ta same shi da tsakar rana a rumfar kwalekwale, fitila a kunne, yana kankare tsohon fenti.

"'Yar birni ta iso," in ji shi, bai juyo ba. "An zo ɗaukar wata ƙarar ne? Ga guduma nan, in buga miki?"

Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi masa bayanin kaset, da Sindre, da cewa babu sunansa a ko'ina, da cewa su biyar ne ba shi kaɗai ba. Ya bar ta ta gama.

"Tambaya ɗaya zan yi miki, Gunvor. Da kika sa injin nan, kin san na wa ne?"

"Ban sani ba, Hilmar. Tsakani da Allah ban gane shi ba."

Ya ajiye abin kankarar ya juyo.

"Ba ki gane shi ba."

"A'a."

Sannan ya ce mata mako uku ke nan yana gaya wa Ranveig cewa yarinyar nan ta riƙe shi a zuciya duk shekarun nan, yanzu ta rama, kuma tana da hakki, tunda jirgin ubanta ne ita ma, bai shawarce ta ba ya sayar. Ya ce har ya shirya haƙurin da zai ba ta.

"Ashe ba ma wannan ba ne. Zuwa kika yi kika kwashi ƙararmu kamar masu yawon buɗe ido. Da da gangan kika yi, da mun yi faɗa mun gama."

Ta ce laifin kunnenta ne, tsufa ne. Ya ce shi bai zo kan kunne ba tukuna.

"Kin shiga kicin ɗin Oddny. Kin shiga na malam. Nawa yana ƙarƙashin ɗakin da kike kwana, matakala goma sha ɗaya."

Ta ce jitar tana mota, in ya yarda su shiga ciki yanzu ta rera masa, duk abin da ya ce a cire za ta cire.

"Na riga na ji ta," in ji shi. "Tana da daɗi."

Ya ɗauki abin kankararsa. Ya ce jirgin komawa yana tashi uku da minti goma, Ranveig ta naɗe mata kifi, kada ta manta shi a kan tebur.

Duk abin da ta yi bayan wannan ƙara ɓata al'amarin ya yi. Ta je wajen Sindre ta ce ya cire injin. Ya nuna mata ba zai yiwu ba: da yake ta lasifika aka saki ƙarar, ta shiga makirufo ɗaya da muryarta da jitarta, ba a raba su. Ana iya sake ɗauka, amma wadda ta fita ta riga ta fita. A watan Janairu ta sa aka janye waƙar daga intanet. Janyewar ta sa aka fara tambayar dalili. Wani ɗan jarida ya taso daga kudu, ya sha kofi a kantin Teistnes, ya samu labarin duka kafin kofin ya huce. Ya ɗauki hoton gidan, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ba a buɗe ba. Ranar Asabar sunan Hilmar Eilertsen ya fito a jarida a ƙarƙashin tsohon hoton Signe. Waƙar da babu suna a cikinta ta samu suna, waɗanda suka adana ta kuma suka ci gaba da tura wa juna.

A watan Fabrairu ta sake zuwa. Ba ta sauka gidan ba, Oddny ce ta ba ta ɗaki. Ƙarfe goma ta shiga kanti ta tsaya a kan tsofaffin, ta ce tana so su ji daga bakinta cewa kuskure ne, ba ta san injin Signe ba ne, ba da yayanta take ba. Jentoft ya janyo mata kujera.

"Haba Gunvor. Ke da kike cewa ga Baba nan tun jirgi yana bayan dutse? Zauna ki sha kofi. Ba mu ce kin yi laifi ba."

Sauran suka gyaɗa kai. Ɗaya ya ce 'yarsa da ke Bergen ta yi kuka da ta ji waƙar, ta ce a gode mata. Ta fita ba ta sha kofin ba. A gida Oddny ta ce mata ta daina yawon ba da haƙuri kamar wadda ta fasa tagar coci, abin da ta faɗa ya faru ko bai faru ba? Gunvor ta ce ya faru. Oddny ta ce to. Mutum ɗaya ne a duk garin ya yarda cewa ba ta gane injin ba, shi ne Hilmar.

Ya daina kwashe ƙanƙarar ƙofofi, don ɗaya daga cikin matan ta ce masa ta gode, ɗan'uwanta zai riƙa yi. Fitilar mashigi ta mutu ta yi kwana tara a haka. A watan Maris Tone ta zo ta yi kwana biyu, ta koma, ta nemo musu gida a hawa na biyu kusa da ita a Stjørdal. Gidan Teistnes bai yi wata ɗaya a kasuwa ba wasu mutanen Oslo suka saye shi, za su riƙa zuwa hutun rani.

Gunvor ta je ranar haɗa kaya a watan Mayu ba tare da an kira ta ba. Ranveig ta buɗe mata, ta miƙa mata tarin tsofaffin jaridu ta nuna mata kabad ɗin faranti. Awa uku suka yi suna naɗewa. Hilmar yana ta wucewa da kwalaye, in ya zo ƙofar kicin sai ya bi ta baya. Can Gunvor ta ce wa Ranveig ai ita ma Ranveig ɗin tana cikin matan da waƙar take tsaya wa, ko ba haka ba. Ranveig ba ta ɗago ba.

"Ni ma sa hannun nan ne ya raba ni da aikina. Na kuma ci gaba da dafa masa abinci shekara ashirin da bakwai ban ce uffan ba. Kina tsammani baki ne ba ni da shi?"

Da yamma, da motar kaya ta kusa cika, Hilmar ya tsaya a ƙasan matakala ya yi mata magana ta biyu. Ya tambaye ta ko tana son keken ɗinkin mahaifiyarsu, in ba ta so za a kai juji. Ta ce tana so. Ya ɗauko shi da kafaɗun nan nasa ya sa mata a bayan mota, ya rufe, ya koma ciki. Washegari shi da Ranveig suka bi jirgin safe. Mutanen Teistnes da suke tamanin da huɗu suka koma tamanin da biyu.

Faifan yana nan yana tafiya. Tun fitowarsa an gayyace ta wurare goma sha huɗu, fiye da duk shekarun da ta yi tana waƙa, ta je goma sha ɗaya. A kowane wuri sai wani ya ɗaga murya daga baya ya nemi ta tara. Takan ce ba ta yin ta, ta wuce zuwa ta Oddny, mutane su yi dariyar rabin ashar ɗin. Kwamitin bikin rani na Teistnes ya aiko mata takarda yana so ta zo ta yi wasa a tsohuwar masana'antar, wadda yanzu masaukin baƙi masu kamun kifin nishaɗi ce. Ta amsa da layi biyu cewa ba za ta samu zuwa ba. Ba ta rubuta ko baiti ɗaya ba tun Nuwamba. Ta ce ba rantsuwa ta yi ba, in ta zauna ne babu abin da ke zuwa.

Kowace Lahadi ƙarfe huɗu na yamma tana buga lambar Stjørdal. Ranveig ce ke ɗauka. Daga bakinta ta san cewa tagar falon filin ajiye motoci take kallo, Hilmar ya rame, kuma ya ƙi zuwa wurin taruwar tsofaffi na unguwar duk da naci irin na Tone. Lahadin da ta wuce ita ce ta goma sha ɗaya. Ranveig ta ce ya fita miƙe ƙafa. A bayanta, a gidan da su biyu kacal suke zaune, Gunvor ta ji an ja kujera, an rage ƙarar talabijin. Gunvor ta tambayi kafaɗun, Ranveig ta ce suna nan yadda suke. Suka yi zancen ruwan sama na minti biyu. Gunvor ta ce in ya dawo a gaishe shi, ta ajiye wayar.